Gargaɗi ga Malamai da Almajirai a kan Mayar da Jami'a Kasuwa

 



Ku sani, ya 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan jami'a take, watau babbar makarantar nan inda ake koyon likitanci da aikin gona da shari'a da lissafi. Watakila wani malami ya ce, "Ina ruwanmu da makarantar boko? Mu allo muka sani da littattafan fiƙihu." To, malam, da ruwanka. Likitan da zai tsaya a kan iyalinka ran da haihuwa ta zo da gardama, daga can zai fito. Haka alƙalin da zai raba gardamar gonarka, da malamin da zai koyar da jikanka, da ma'aikacin da zai auna ruwan madatsar Zobe ya raba wa masu noman rani. Kuma da yawa daga cikin yaran da suka sauke Alƙur'ani a hannunku, yau suna cikin jami'a, ko suna bakin ƙofarta suna jira.

Abin da muke gargaɗi a kansa shi ne, ana mayar da jami'ar gwamnati ta kasuwa sannu a hankali, ba tare da an yi shela ba. Babu wanda ya buga ƙararrawa ya ce an sayar. Allon da ke bakin ƙofa yana nan da sunan Gwamnatin Tarayya. Amma an rage mata abinci, an ce ta nemi na kanta, kuma duk wanda aka bari ya nemi abincin kansa a kasuwa, tilas ya bi ran mai saye. Daga nan mulkinta ke sakewa, da irin ɗaliban da take ɗauka, da irin ilmin da take koyarwa.

Fasali na farko: hukuncin ilmi da ladan koyarwa

Malamai sun raba wajibi biyu. Akwai farali aini, wanda ke kan kowane baligi, kamar sanin tsarki da salla. Akwai farali kifaya, wanda ke kan jama'a duka, in wasu sun tsaya da shi an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imamu Gazali ya sanya likitanci da lissafi cikin wannan kashi na biyu. Ke nan garin da ba shi da likita, alhali yana da yara masu ƙwaƙwalwar da za su iya koyo, laifin ba na yaran ba ne, na jama'ar garin ne da shugabanninsu.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi, littafin Usulus Siyasa, kuma a ciki ya ɗora wa sarki nauyin raya masu sana'a da masu sani, har da masu magani, da tabbatar da cewa garuruwa da ƙauyuka ba su rasa su ba. Watau tanadin masu ilmi aikin mai mulki ne, daga baitulmali.

Sa'an nan ku lura da bambanci tsakanin lada da farashi. A mazhabar Malikiyya ya halatta malami ya karɓi lada a kan koyar da Alƙur'ani, domin malami yana da ciki, yana da iyali. Amma an ruwaito Imamu Malik ya ƙi jinin a yi jinga a kan koyar da fiƙihu da rabon gado. Ku dubi kuɗin Laraba da kuka sani. Yaro yana kawo abin da ya sawwaƙa, mai shi ya kawo da yawa, marashi ya kawo kaɗan, maraya ya zo hannu biyu, kuma dukansu tabarma ɗaya suke zama, wuta ɗaya suke karatu da ita. Ba mu taɓa jin malamin kirki ya wanke allon yaro ya kore shi don Laraba ta zo bai kawo kome ba. Wannan shi ne lada. Farashi kuwa shi ne a ce ga haja, ga kuɗinta, in ba ka da shi ka ba mai shi wuri. Mu ba mu ƙi a biya malamin jami'a ba, muna ma cewa abin da ake ba shi ya yi kaɗan. Abin da muka ƙi shi ne a sa wa ƙofar ilmi farashi.

Fasali na biyu: yadda aka zo nan

Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta fitar da su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita, da dukiyar jama'a aka gina ta, da harajin talakawa da jangali. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da dukiyar Jihar Arewa aka kafa ta, kuma tushen wannan dukiya gyaɗa ce da auduga da ƙiraga. Kakanninku na Kurfi da Dutsin-Ma da suka kai gyaɗa ma'auni suna da jari a cikin bangonta. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta, sa'an nan a 1977 aka soke kuɗin koyarwa a jami'o'in Tarayya.

Ba a daɗe ba kuɗin mai suka ja baya. A 1978 aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, ɗalibai suka yi bore, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Cikin shekarun 1980 aka daina ciyar da ɗalibai. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta faɗi, littattafai da kayan gwaji da ake sayowa daga waje suka gagara, manyan malamai da yawa suka bar ƙasa. A wannan zamani masanan Bankin Duniya suna ta lissafi suna cewa kuɗin da ƙasar Afirka ta zuba a firamare ya fi wanda ta zuba a jami'a riba, saboda haka a rage na jami'a, ɗalibi ya ɗauki nauyin kansa. A shekara ta 2000 Bankin da kansa, tare da hukumar UNESCO, ya fitar da rahoton da ya sassauto daga wannan ra'ayi, amma a lokacin ɓarna ta riga ta auku.

Ta gefe guda kuma aka buɗe ƙofar jami'o'i masu zaman kansu. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe su da doka a 1984, dokar 1993 ta sake halatta su, a 1999 aka ba uku na farko izini, watau Igbinedion da Babcock da Madonna. Yau sun haura 140, sun fi na Tarayya da na jihohi yawa in an haɗa, amma ɗaliban da ke cikinsu duka ba su kai kashi 1 cikin 10 na ɗaliban jami'o'in ƙasa ba. Ma'anar wannan a fili take: ɗan talaka, in zai yi jami'a, ta gwamnati zai yi.

Cikin wannan hali aka haifi tamu. A 2011 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta kafa sababbin jami'o'in Tarayya 9, ɗaya ta faɗo Dutsin-Ma. Ta fara aiki a mazauni na wucin gadi cikin gari, kana aka gina mata mazauninta a kan hanyar Ƙanƙara. Ta tarar da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a garin, suka zama biyu. Kowa ya ga alherinta. Yaron Birci ko Rawayau ko Karofi, wanda ubansa ba zai iya kai shi Zariya ba, ya sami jami'a a inda zai iya zuwa da garin tuwo daga gida. Wannan alheri shi muke tsoron kada ya kuɓuce.

Shekarar 2023 ita ce ta tone asirin al'amarin. Ran 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, kome ya yi tsada. Jami'o'in Tarayya suka shiga ƙara kuɗin rajista bi da bi. A Jami'ar Legas abin da yake wajen naira 19,000 ya haura 190,000 ga masu karatun likita, sai da ɗalibai suka yi zanga-zanga aka rage wani abu. A Jami'ar Bayero ƙarin ya kai har gwamnatin Kano ta fitar da naira miliyan 700 don ta biya wa ɗalibai 7,000. A lokacin nan mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata. Duk da haka fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce har yanzu babu kuɗin koyarwa a jami'o'in Tarayya, abin da aka ƙara kuɗin hidimomi ne. To, ya 'yan'uwa, uban da ya sayar da tunkiya ya biya, ina ruwansa da sunan da aka raɗa wa kuɗin? Kuma iskar da ta kaɗa Legas da Kano ba za ta tsallake Dutsin-Ma ba, tun da duka daga baitulmali ɗaya suke ci.

Fasali na uku: abin da kasuwa ke yi wa mulkin jami'a

Jami'ar Tarayya tana da majalisu biyu. Akwai majalisar gudanarwa, ita ke riƙe da dukiya da ɗaukar ma'aikata. Akwai majalisar manyan malamai, ita ke da iko a kan karatu da jarrabawa da ba da shaida. Dokar 2003, wadda ake kira dokar 'yancin jami'o'i, ta ba majalisar gudanarwa ikon naɗa shugaban jami'a. Wannan 'yanci abu ne mai kyau, domin ilmi ba ya gyaruwa in mai mulki ne ke faɗa wa malami abin da zai karantar. Amma kalmar 'yanci tana da baki biyu. Malamai suna nufin a bar su su zaɓi shugabansu. Masu riƙe da baitulmali kuwa sau da yawa suna nufin, "Tun da kun girma, ku ci da kanku."

Ku dubi yadda aka yi da 'yancin. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta rushe majalisun gudanarwa na jami'o'in Tarayya gaba ɗaya, suka zauna wajen shekara guda babu majalisa, kuma cikin wannan tsakani aka yi yawancin ƙarin kuɗin da muka ambata. A ƙarshen shekarar aka fito da umarni cewa gwamnati za ta riƙa cire kashi 40 cikin 100 na kuɗin da jami'o'i ke tarawa da kansu, sai da aka yi ca a kai kana aka janye a watan Nuwamba. Watau iko yana nan a Abuja, nauyi kuwa an sauke shi a wuyan iyaye. Uban da ke biya ba shi da murya, domin a cikin kujerun majalisar gudanarwa babu wadda doka ta keɓe wa ɗalibai, ko iyayensu, ko garin da jami'a ke zaune a ciki.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In jami'a ta koma rayuwa da abin da ta tara daga hannun ɗalibai, ɓarna huɗu ke biyo baya.

Ta farko, ana tace ɗalibai da rariyar kuɗi. Yaro ya ci jarrabawa, sunansa ya fito, ya rasa kuɗin rajista, gurbinsa ya wuce. In gida yana da namiji da mace kuma kuɗin na mutum ɗaya ne, kowa ya san wadda za a ce ta haƙura. A ƙasar da 'yan bindiga suka hana mutane da yawa noma gonakinsu na nesa, suka kore shanu, wannan rariya ta fi tsanani.

Ta biyu, ana auna fannonin ilmi da abin da suke kawowa. Fannin da ke cika aji da masu biya shi ne ɗan lele, a buɗe masa karatun dare da na ƙarshen mako da na share fage. Fannin da ke cin kuɗi, kamar binciken irin gero da dawa mai jure fari, ko ciwon dabbobi, ko karanta tsofaffin rubuce-rubucen malaman Katsina irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, sai ya zama maraya, alhali shi ƙasa ta fi bukata. An ga wannan a Jami'ar Makerere ta Yuganda. Tun farkon shekarun 1990 ta fara ɗaukar ɗalibai masu biya, har suka rinjayi waɗanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsu. Kuɗi suka shigo, amma tsangayoyi suka shiga ƙwace wa juna darussa masu kawo kuɗi, azuzuwa suka cika maƙil, bincike ya ja baya. Shehun malami Mahmud Mamdani, wanda ya koyar a can, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan a 2007. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ta uku, aikin shugaba yana sakewa. Wanda aka naɗa don ya zama limamin malamai sai ya wayi gari yana lissafin man janareta da kuɗin lantarki, balle bayan an ninka kuɗin wuta ga manyan masu amfani da ita a watan Afrilu na 2024. Sai a riƙa yabon shugaba da yawan abin da ya tara. Sai ɗan kwangila ya fi shehun malami samun ganinsa. Ba mu zargin kowane shugaba da sunansa, domin da yawansu mutanen kirki ne da aka ba jan aiki aka hana su kayan aiki. Tsarin muke zargi.

Ta huɗu, abin da jami'a ta saki, kasuwa ke ɗauka, kuma kasuwa ba ta san amana ba. In ɗakunan kwana na cikin makaranta ba su isa ba, ɗalibai sai su bazu cikin gidajen haya a bakin gari, inda ba katanga ba mai gadi. Ba mu manta ba, a watan Oktoba na 2023 'yan bindiga suka shiga wani gidan haya a Dutsin-Ma suka sace ɗalibai mata 5. Laifin na azzalumai ne, Allah ya isa. Amma mai hankali zai tambaya, 'yar mutane da aka kawo amana daga nesa, wa ya kamata ya tanadar mata makwanci?

Ƙarshen wannan hanya kuwa shi ne a sayar da shaidar kanta. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya sayo takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, bai zauna aji ba ko sau ɗaya, har gwamnati ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo a farkon 2024. Ku malamai kun san nauyin ijaza. Ijaza shaida ce, kuma wanda ya ba da ita ga wanda bai karanta ba ya yi shaidar zur. In mai irin wannan takarda ya zama likita ko maginin gada, jinin da ya zuba yana wuyan mai sayarwa da mai saye.

Fasali na huɗu: amsa ga masu hujja

In an ce, "Gwamnati ba ta da kuɗi, bukatu sun yi yawa," sai mu ce, gaskiya ne bukatu suna da yawa, amma an taɓa yin wannan kuka aka sami mafita. Bayan yajin aikin malaman jami'a na 1992, aka kafa harajin ilmi a 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni. Shi ne ya zama asusun TETFund a 2011, kuma ku duba rubutun da ke jikin manyan gine-ginen jami'o'in gwamnati na wannan zamani, za ku ga sunansa. A 2024 aka kai wa majalisa ƙudurin haraji wanda zai janye kason wannan asusu sannu-sannu har ya ƙare a 2030. Malamai da jama'a suka ɗaga murya, dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta bar masa kaso. Ke nan kuɗi suna samuwa in an so, kuma magana tana da amfani in an yi ta a kan kari. Mun kuma ga a watan Agusta na 2025 gwamnati ta dakatar da kafa sababbin jami'o'in Tarayya har shekara 7, don a gyara waɗanda ke akwai. To, madalla, sai mu ga gyaran.

In an ce, "Ai ga bashin ɗalibai, kowa ya je ya karɓa," sai mu ce, an kafa dokarsa a 2023, aka sake ta a 2024, asusun NELFUND ke ba da shi. Babu riba a kansa, kuma ba a fara biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Ba mu ce haram ne ba, kuma wanda ya matsu ya karɓa, ya fi ya bar karatu. Amma bashi bashi ne. Tsoronmu shi ne ya zama hujjar ƙara kuɗi, a ce tun da akwai mai ranta wa yaro, a ɗora. Haka aka yi a Ingila: a 1998 aka fara da fam 1,000 a shekara, kafin 2012 ta ƙare ya kai fam 9,000 bisa bashi. Ƙasar Cile ta bi wannan hanya tun 1981, ɗalibai suka cika tituna a 2011, a 2016 aka fara mayar da karatu kyauta ga 'ya'yan marasa ƙarfi. Jamus ta gwada karɓar kuɗin koyarwa, ta ga bai yi ba, jiharta ta ƙarshe ta soke shi a 2014. Waɗanda suka riga mu shiga wannan rami suna neman hanyar fita.

In an ce, "Kuna ƙin jami'o'i masu zaman kansu ke nan?" sai mu ce, a'a. Wanda ya gina makaranta da dukiyarsa ta halal, ya cika sharuɗɗa, ya koyar da gaskiya, Allah ya ba shi lada. Ga Jami'ar Alƙalam a Katsina, wadda ta fara a 2005, jama'ar Musulmi ne suka haɗa hannu suka kafa ta, kuma abin alfahari ce. Masu ita suna cewa ba ta yajin aiki, kuma wannan hujja tana da nauyi ga uban da ya ga ɗansa ya zauna gida wajen wata 9 a 2020, ya sake zama wata 8 a 2022. Amma jami'a mai zaman kanta, kome kyan niyyarta, sai ta karɓi kuɗin da za ta biya malamai. Ƙari ce, ba ta ɗauke wa hukuma farali. Rijiyar da attajiri ya haƙa a gidansa ba ta zama dalilin a bar ta gari ta rufta.

Fasali na biyar: abin da muke kira a yi

Na ɗaya, ga Gwamnatin Tarayya. Ta biya kuɗin gudanar da jami'a na yau da kullum yadda ya isa, wuta da ruwa da kayan gwaji, don kada a tatse su daga ɗalibai. Ta daina rushe majalisun gudanarwa kafin wa'adinsu ya cika. Ta cika alkawarin da ta ɗaukar wa malamai, domin saɓa alkawari shi ke haifar da yaji.

Na biyu, ga majalisar jami'armu ta Dutsin-Ma da shugabanninta. Kowace shekara a bayyana wa jama'a abin da aka karɓa daga ɗalibai da inda aka kashe shi, a liƙa a bango, a karanta a rediyo da Hausa. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Kada a ƙara kuɗi sai an zauna da wakilan ɗalibai da iyaye. A yarda a riƙa biya kashi-kashi, a daidaita shi da kaka, lokacin da manomi ke da abin sayarwa. Kuma a kafa ƙa'ida a rubuce cewa ba a hana yaro zama jarrabawa saboda talauci kaɗai.

Na uku, ga wakilanmu na majalisar dokoki ta Tarayya. Mazaɓar Dutsin-Ma da Kurfi kujera ɗaya ce, kuma jami'ar a cikinta take. Muna roƙon a nemi gyaran doka don a keɓe kujera a majalisar gudanarwa ga ɗalibai, da wata ga jama'ar garin da jami'a ke zaune. Wanda ake tatsa ya cancanci a ji bakinsa.

Na huɗu, ga attajirai da sarakuna, musamman 'Yanɗakan Katsina da Maraɗin Katsina da masu unguwanninsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Musulmi sun san hanyar riƙe makaranta tun kafin a san bashin ɗalibai, ita ce waƙafi, watau hubusi. Da shi Ƙarawiyyin ta Fas ta tsaya tun 859, kuma mace ce ta gina ta da gadonta, Faɗimatu Fihriyya. Da shi Azhar ta Masar ta ciyar da almajirai ɗaruruwan shekaru. A kafa waƙafin ilmi na ƙasashen nan biyu, da amintattu da littafin lissafi a buɗe. Mai gona ya ba da gona, mai rumfa a kasuwa ya ba da rumfa, mai gida ya ba da gida. A fara da gina wa ɗalibai mata makwanci mai katanga. Zakka kuwa, kun san a mazhabarmu ba a gini da ita, amma ɗalibi matalauci yana cikin masu cin ta saboda talaucinsa, a ba shi ya mallaka ya biya rajistarsa.

Na biyar, gare ku malamai. Ku faɗi wannan magana a kan mumbari da wuraren tafsiri. Kowane malami ya san yaran unguwarsa, ya san wanda ya sami gurbi ya rasa kuɗi. Ku rubuta sunayensu ku kai wa masu hali, tun kafin a rufe rajista. Ku kuma ja kunnen masu gidajen haya su ji tsoron Allah, kada su mayar da baƙon ilmi saniyar tatsa.

Na shida, gare ku almajirai da ɗalibai. Wanda Allah ya ba gurbi ya sani gumin talakawa ne ya gina ajin da yake zaune. Kada ya sayi maki, kada ya sayi takarda, kada ya ƙona ko ya fasa kayan makaranta in ransa ya ɓaci, domin dukiyar jama'a ce. Ya nemi haƙƙinsa da hujja da ladabi. In ya gama ya sami aiki, ya ɗauki nauyin yaro ɗaya daga ƙauyensu.

Ya 'yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jami'armu yarinya ce, a 2011 aka haife ta, ɗabi'unta ba su gama ƙafewa ba. Abin da aka saba mata da shi yanzu shi za ta girma da shi. In muka yi shiru, za a wayi gari tana cikin ƙasarmu, a kan gonakin da iyayenmu suka bayar, 'ya'yanmu kuwa ba su shiga sai da aikin gadi da shara.

Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan takarda ya miƙa wa na kusa da shi, wanda kuma ya ga gyara ya rubuto mana. Allah ya shiryi shugabanninmu, ya ba su mashawarta na gari. Allah ya kawo mana zaman lafiya a dazuzzukanmu da hanyoyinmu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya tsare mu daga cin amana. Amin.